Muryar da Ke Gyangyaɗi da La'asar

Shekara goma sha tara Auta ta yi tana aiki a ɗakin da ba shi da taga. Yana can ƙarƙashin wani bene mai hawa tara, bayan ƙofofi biyu masu nauyi, kuma sanyinsa bai san rani ba bai san damina ba. A gidansu ita ce ƙaramar 'ya'ya bakwai, shi ya sa har ta haura arba'in da biyar, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnenta, ba wanda ya daina ce mata Auta. A wurin aiki kuwa Injiniya ake ce mata, in ba ta kusa kuma a ce matar nan mai rigar sanyi.

Abin da take kula da shi wata babbar na'ura ce baƙa, ta fi mutum tsawo, faɗinta kamar an jera kabad biyu. Ma'aikata suna kiranta Giwa. A ido guda ɗaya ce, amma a cikinta akwai ƙananan kwamfutoci sama da ɗari uku da ba su da jiki, ba a taɓa su ba a ɗaga su. Kowace tana zaune a wani yanki na ƙwaƙwalwar Giwa tana yi wa wata ma'aikata aiki, tana kuma zaton ita kaɗai ce a duniya. Su ake ce wa 'yan haya.

Tun bara ƙwaƙwalwar Giwa ta fara cika. 'Yan haya suna ƙaruwa, wuri ba ya ƙaruwa, sabuwar na'ura kuma kullum sai a ce sai baɗi. Auta ta lura yawancinsu barci suke sha: an ba su wuri mai faɗi, amma aikin awa ɗaya ko biyu suke yi a yini. Sai ta zauna ta rubuta wata 'yar manhaja, ta sa wa kowannensu a ciki. Idan ɗan haya ya yi shiru, manhajar ta riƙa zare masa ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan tana mayar wa Giwa don masu bukata. Idan ya farka, ta karɓo masa. Don kada a zare har ƙashi, ta sa iyaka: rabin giga a ma'aunin ƙwaƙwalwa, ba a sauka ƙasa da haka ga kowa. Ta gwada a kan ƙanana guda goma, duk suka kwana lafiya suka tashi lafiya. Shugaban sashe ya ji daɗi har ya raɗa wa manhajar suna Mai-tsimi, ya riƙa yawo da maganar a taro, iyaka ɗaya ga kowa, sai ka rantse shi ya haife ta.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Allon da ke gaban Auta ya cika da ƙananan fitilu kore, ɗaya ga kowane ɗan haya, kuma kore na nufin lafiya. Bayan azahar, idan ofis ya yi tsit, takan jingina da kujera, ta sa hannuwa cikin aljihun rigar sanyi, ta bar gurnanin Giwa ya ɗauke ta. Ba barci ba ne sosai. Takan ga kanta tana tafiya a wani dogon lungu mai ƙofofi dama da hagu, haske yana fitowa ta ƙasan wasu, wasu duhu, ƙasa tana ɗan rawa kamar cikin jirgin ruwa. Ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Wucewa kawai take yi, har wayar tebur ta dawo da ita.

Wata Talata wayar ce ta dawo da ita. Maigadi ne, ya ce ga wasu tsofaffi biyu a bakin ƙofa, sun ce mai kula da murya suke nema, shi kuma ya rasa wace murya, sai ya ga gara ya fara da ita.

Ta hau ta same su zaune a kan bencin baƙi. Tsohon dogo ne siriri, da baƙin tabarau da sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Tsohuwar gajera ce mai jiki, ta rungume jaka a cinya tana kallon fankar sama kamar tana bin ta wani zance. Da suka miƙe, ya ɗora hannu a kafaɗarta ba tare da ya laluba ba, ita kuma ta fara tafiya ba tare da ta waiwaya ba. Auta ta rusuna ta gaishe su, ta tambayi gajiyar hanya. Tsohuwar ta ce mota biyu suka hau, kafin nan kuma sun fara zuwa ɗakin karatu na makafi. Ma'aikacin da ke can, shi kaɗai ne, ya ce musu muryar ba a wurinsa take kwana ba, tana ƙarƙashin dogon benen nan, kuma ya rubuto takarda tun sati biyar da suka wuce bai ji komai ba.

"'Yata," in ji tsohon, "dubiya muka zo. Matar da ke karanta mana littafi a waya ba ta jin daɗi."

Tsohuwar ta ɗan ture shi da gwiwar hannu. Ta ce ta gaya wa tsohon nan sau ba adadi ba mutum ba ce a zaune, murya ce aka ɗauka tun da daɗewa, amma kunnen ƙashi gare shi. Ya yi murmushi ya ce ya sani sarai. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa kafin ido ya yi masa sallama, ya kuma san ƙarfe ma yana ciwo, kuma ba ya kwantawa sai ya fara faɗin abin da ke damunsa. Wanda bai ji ba ne kawai yake cewa ya mutu farat ɗaya.

Ta kai su ofishinta da ke jikin ɗakin Giwa, gilashi ne kawai a tsakani. Ta ba tsohuwar mayafin da take ajiyewa a bayan kujera, ta ba tsohon kujerarta. Ya karanto mata lambar waya da ka. Ya ce idan an kira, sai a danna lambar littafi, a ci gaba daga inda aka tsaya jiya. Wanda suke ciki yanzu labarin wani mai awon ƙasa ne da aka tura ya bi wani kogi har mafarinsa, ya yi ta tafiya yana haɗuwa da mutane yana mantawa da awon.

Ta kira, ta saki maganar a fili. An daɗe kafin a ɗauka. Sai muryar mace ta fito, mai taushi, ba yarinya ba kuma ba tsohuwa ba, irin muryar da ke sa mutum ya gyara zama. Ta karanta jimla ɗaya lafiya. A ta biyu ta kai ga kalmar kwalekwale, ta ce kwale, sai ta tsaya. Shiru ya miƙe. Auta ta ji numfashinta, ta ji na tsohon, ta ji gurnanin Giwa ta bayan gilashi. Can sai muryar ta dawo, ta sake cewa kwale, ta ƙarasa, ta yi gaba kaɗan, ta sake nutsewa. Daidai take da mai ba da labari wadda barci yake fizga, tana farkawa tana kama bakin zaren, yana sake suɓuce mata.

Tsohon ya ce wannan ma da sauƙi, don yanzu shi kaɗai ne a layi. Auta ba ta kama ma'anar maganar ba a lokacin. Idonta yana kan allo, inda fitilar ɗan hayan ɗakin karatun take ci kore shar.

Ta buɗe ɗan hayan ta leƙa ciki. Ko amsa ta sai da ya ja rai kafin ya yi. Yana zaune daidai a kan iyakar da ta sa, rabin giga, bai sauka ko da ƙwayar zarra ba. Mai-tsimi bai saɓa umarni ba. Amma da ta duba girman da aka ba shi tun asali, sai ta ga giga goma sha shida, tun shekarar da aka kwaso dubban muryoyi aka zuba masa. Nan take ta gane. Ta san abin, ta karanta shi tun tana ɗaliba, sai dai bai zo mata ba ranar da take sa iyaka: kowace kwamfuta tana riƙe da jerin duk wurin da aka taɓa ba ta, gurbi-gurbi, har da wanda aka karɓe, kuma jerin nan a cikin ƙwaƙwalwar yake zaune. Ga ƙanana jerin bai taka kara ya karya ba. Ga wannan kuwa, shi kaɗai ya cinye rabin abin da ta bar masa. Ragowar ko ta tsayuwa da ƙafa ba ta isa ba, balle ta ɗauki murya. Shi ya sa kowace kalma sai ya ajiye wani abu a faifan ajiya ya ɗauko wani. Shi kuma Mai-tsimi, da ya kamata ya ruga ya karɓo masa ƙari, a cikin ɗan hayan yake zaune, ƙuncin da ya kama maigida ya kama shi, kafin ya buɗe baki mai kira ya gaji ya ajiye waya. Fitilar kuwa tambaya ɗaya ta iya: kana nan? Ya ce yana nan, ta ci kore.

Ta ɗauke ido daga allo. Sannan ta juyo ta faɗa musu da bakinta, cikin kalmomin da za su gane, cewa ba tsufa ba ne ba kuma lalacewa ba ce, ita ce ta matse wurin da hannunta, tana zaton ta bar abin da zai isa. Tsohuwar ta ce Allah Ya kyauta, hannun da ke aiki shi ke kuskure. Tsohon ya gyaɗa kai kawai, ya tambaya ko zai iya ganin na'urar. Matarsa ta ce ji mutum, wai gani. Ya ce ai an ce gani ya kori ji, shi kuwa a gidansa ji ne ya kori gani, har ya gaje kujerarsa.

Doka ba ta yarda a shigar da baƙo ba, amma Auta ta buɗe ƙofar. Sanyi ya buge su. Ta kama hannun rigarsa ta kai shi gaban Giwa, ya shimfiɗa tafinsa a jikin ƙarfen, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe a haka. Fuskarsa ta saki, kamar wanda ya ji ana kiran sunansa daga nesa. Ya ce wannan ba ta da ciwo, lafiyayya ce, kaya ne dai aka jibga mata har wuya. Ya ce idan ya rufe ido, sai ya yi dariya ya gyara, idan ya ƙara rufe ido, sai ya ji kamar yana cikin kan jirgi a tasha da asuba, inji yana huci ana jiran a ɗaga tuta.

Suka koma ofis. Ta dakatar da Mai-tsimi a kan ɗan hayan nan kaɗai, ta miƙa wa tsohon kan wayar, ta ce ita za ta riƙa ƙarawa sannu-sannu, shi kuma ya zama kunnenta. Ta ƙara kaɗan. Ya saurara, ya ce ta rage nutsewa amma har yanzu tana tuntuɓe. Ta ƙara. Ya ce saura ɗan jinkiri a farkon kowace jimla, kamar mai haɗiyar yawu. Auta ba ta jin jinkirin ko kaɗan, amma ta gaskata shi ta ƙara. Da ta kai giga ɗaya da ɗoriya ya ɗaga yatsa, ya ce nan. Muryar tana gudana kamar ruwa a kwari, mai awon ƙasa ya shiga kwalekwalensa ya tura.

Ta ɗauki biro za ta rubuta lambar a matsayin sabuwar iyaka. Tsohon ya ji ƙarar murfin biron, ya tambayi ƙarfe nawa. Ta ce uku saura kwata.

"Kada ki rubuta tukuna, 'yata. Jira la'asar. Mu da yawa ne."

Ya ce yawancinsu tsofaffi ne, da safe akwai hidima, da rana akwai kishingiɗa, amma da an yi la'asar, rana ta yi sanyi, jikoki sun fita wasa, kowa sai ya jawo wayarsa. Ba su taɓa shirya hakan ba, haka kawai ya zama. Wasu sun san juna a ɗakin karatun, sukan kira juna bayan sun ajiye su yi gardama a kan abin da mai awon ya yi.

Sai suka jira. Auta ta haɗa musu shayi a butar ofis. Tsohuwar ta sha rabi ta jingina kai da bango, ba a jima ba ta fara minshari a hankali cikin mayafin aro. Tsohon ya riƙe kofinsa da hannu biyu yana magana ƙasa-ƙasa don kada ya tashe ta. Ya ba da labarin wata gada mai tsawo da yakan ƙetare da sassafe, hazo ya rufe ruwan ƙasa ya rufe ƙarshen gadar, har ka ga kamar jirgin a kan gajimare yake tafiya. Ya ce har yau idan matar nan tana karatu, ko me take karantawa, ta tagar kan jirgi yake ganinsa: bishiyoyi suna tahowa suna wucewa, mutanen littafin suna tsaye a gefen layin dogo suna ɗaga masa hannu. Auta tana ji, gurnanin Giwa yana shiga tsakanin kalmominsa, har ta rasa ko a ofis take ko a kan gadar.

Ta tambaye shi yadda sauran suka yi a sati biyar ɗin nan. Ya ce kowa da yadda ya ɗauka. Wata tsohuwar ungozoma ta zaci kunnenta ne ya fara bin sawun idonta, ta yi kwana uku tana kuka a ɓoye kafin ta ji kowa ma haka yake ji. Wani ya ba da wayarsa gyara har sau biyu. Shi kansa ya koyi jira, idan ta yi shiru sai ya riƙa cika jimlar a ransa, in ta dawo ya ga ko ya dace. Sai ya ajiye kofin. Ya ce akwai abokinsa, tsohon tela, wanda ya fi kowa son littafin, kullum yana cewa mai awon nan ba zai taɓa kaiwa mafarin kogin ba, shi kuma yana cewa zai kai. Jikin telan ya yi rauni, ba ya iya riƙe waya a kunne tsawon shirun. Ya rasu ranar Alhamis ɗin da ta wuce, saura babi biyu.

Bai faɗa da zargi ba. Ya faɗa ne yadda ake faɗin sunan tashar da aka wuce. Auta ta yi masa ta'aziyya. Ta kalli fitilun kore da ke jere a allo, ɗari uku da wani abu, ta ji sanyin ɗakin ya ratsa rigar da ta shekara tana kare ta.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci layi ya fara cika. A gefen allo akwai lambar masu saurare: uku, bakwai, goma sha biyu. Tsohon ya mayar da waya kunne. A goma sha biyar ya ce ta fara haɗiyar yawu. Auta ta ƙara. Ashirin da uku, ta sake ƙarawa. A talatin ta nemi ƙari, Giwa ta ce babu, domin a wannan lokacin ofisoshi suna rufe aikin yini, kowane ɗan haya a farke yake yana riƙe da nasa.

Akwai guda ɗaya da take da iko a kansa ba sai ta tambayi kowa ba. Nata ne, na gwaji, shi ta fara ginawa da hannunta a shekararta ta farko, a cikinsa ta koyi aikin, a cikinsa ta rubuta Mai-tsimi. Ba ta taɓa kashe shi ba, ko ranar da ta tafi haihuwa. Ta kashe shi, ta juye wurinsa gaba ɗaya ga ɗakin karatun.

Lambar ta hau har arba'in da ɗaya ta tsaya. Muryar ba ta ƙara tuntuɓe ba. Auta ta zauna tana tunanin ɗakuna arba'in da ɗaya a faɗin gari, wani a kan tabarma, wani a kujerar roba a bakin ƙofa, wata a gefen gado da waya a tsakanin kunne da kafaɗa, duk murya ɗaya tana yi musu magana kowa a shafinsa. Tsohon ya manta da ita, ya manta da ofis. Leɓunansa suna motsi kaɗan. Sai da ya kai ƙarshen babi ya ajiye, ya share ƙasan tabarau da yatsa, ya ce mai awon dai har yanzu bai kai ba, gobe a gani.

Tsohuwar ta farka ta ce ita ba barci ta yi ba, duk tana ji. Auta ta raka su har titi, ta tsayar musu da mota, ta tsaya har suka sha kwana.

Washegari ta shiga wurin shugaban sashe kafin ya gama cire hula. Ta faɗa masa komai, har da tela. Ya riƙa juya makullin motarsa a kan tebur. Ya ce takardar ɗakin karatun tana nan cikin tiren wasiƙunsa, ya gan ta, ya ga fitila kore, ya ɗauka matsalar layin waya ce. Sannan ya tambaya ko ba za a ɗaga iyakar ga kowa ba kawai, a mayar da ita giga ɗaya a huta, don kyan abin shi ne lamba ɗaya ce. Ta ce giga ɗaya ta yi wa ƙanana yawa, ta yi wa manya kaɗan, kuma ko nawa aka sa wani zai shaƙe.

"Kowanne da tasa iyakar, ranka ya daɗe. A ware masa na jerinsa gwargwadon girmansa, a ware na tsayuwa da ƙafa, sannan a auna shi lokacin da ya fi shan aiki, ba lokacin da yake barci ba. A ɗora kaɗan a kai saboda ranar da ba a zata ba."

Ya ce wannan zai cinye kusan rabin wurin da Mai-tsimi ya samar, kuma shi ne zai hau sama ya yi bayani. Ta ce haka ne. Ya tambaya ta yaya za ta san lokacin da kowanne ya fi shan aiki, alhali wasu sau ɗaya suke tashi a wata. Ta ce za ta je ta tambayi masu su. Ya dube ta kamar ta ce za ta tafi wata ƙasa a ƙafa, sannan ya ce ya ba ta sati uku.

A ranar ta fara da manya, ta ɗaga musu iyaka da ƙiyasi don kada wani ya kwana a matse. Goma sha ɗaya ta samu suna numfashi da ƙyar a ƙarƙashin fitila kore. Daga nan ta ɗauki littafin rubutu, ta rataye rigar sanyi a bayan kujera, ta fita.

Shekara goma sha tara tana yi wa mutanen nan aiki, ba ta san fuskar ko kashi ɗaya cikin goma ba. Ta shiga ofisoshi masu warin tsohuwar takarda, da masu labule mai kauri, da wani da aka cika da tukwanen furanni har ba wurin aje ƙafa. Ko'ina tambayarta ɗaya: yaushe naku yake tashi? Mai rajistar haihuwa ya ce Litinin da safe, idan asibitoci suka turo na ƙarshen mako gaba ɗaya. Wata mata mai tarin makullai a kugu, mai kula da sakamakon jarrabawa, ta ce nata wata goma sha ɗaya yake barci, amma ranar da ya tashi duk iyayen ƙasar nan a kansa suke. Auta ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Wasu sun yi mamakin jin cewa akwai mutum a bayan abin. Wani ya ce shi ya ɗauka daga sama yake zuwa, kamar ruwa. Da yamma takan dawo gida ƙafafu a kumbure, maigidanta ya ce tunda ya aure ta bai taɓa ganin rana ta taɓa mata goshi ba sai bana.

Na ƙarshe a jerin na masu duba yanayi ne, kuma a rufin benen nasu suke, hawa tara a kan ɗakinta. Lif ba ya kaiwa can, sai ta taka matakala ta tura wata ƙofar ƙarfe. Haske ya rufe mata ido. Da ta buɗe, sai ga gari a shimfiɗe ta ko'ina, rufin kwano yana ƙyalli, motoci kamar ƙwari, shaho biyu suna shawagi a ƙasa da inda take tsaye. Wani mutum mai farin gemu da hular kwano yana hura wani ƙaton farin balan-balan, da ɗan akwati a ɗaure a ƙasansa. Ya ce ta zo a daidai. Kullum da tsakar rana suke sakin ɗaya, yana hawa yana aiko da labarin iska da zafi da laima, duk daƙiƙa, har ya fashe a can inda ba mai gani. A awa biyun da yake hawa ne ɗan hayansu yake aikin yini duka.

Ya miƙa mata igiyar ya ce ta riƙe masa ya gyara eriya. Ba ta zaci zai ja haka ba. Yana fizgar hannunta sama a hankali, kamar yaro mai son a tafi, iska tana kaɗa gefen mayafinta. Mutumin ya duba agogo, ya ce to, Injiniya, saki.

Ta buɗe yatsunta. Balan-balan ɗin ya tashi ba ƙara, ya ɗan karkata gabas, akwatin yana lilo a ƙasansa. Ta bi shi da ido yana ƙanƙancewa, ya zama kamar ƙwai, ya zama kamar ƙwayar gero, har ta rasa ko shi take gani ko ɗigon hasken da ke yawo a idonta. Ta daɗe kanta a sama. Daga cikin 'yar rumfar da ke gefe mutumin ya kira ta, ya ce lambobi sun fara sauka, in tana son ta auna sai ta zo yanzu. Ta share ido da bayan hannu, ta buɗe littafinta a sabon shafi, ta shiga.